Besta, Dutsen da Likita Ya Tsinto a Sararin Samaniya

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyya, mu ɗaga kai sama. Kusan duk shekara sai an yaɗa labari a wayoyin hannu cewa wai ga wani ƙaton dutse nan ya taso daga sama zai faɗo wa duniya ranar kaza. Labarin ya shigo gida ta bakin yara ko maƙwabciya, hankalin uwargida ya tashi, ga shi babu wanda za ta tambaya. To waɗannan duwatsu dai akwai su, kuma an san inda mafi yawansu suke. Zan ɗauki guda ɗaya daga cikin manyansu, mai suna Besta, in gaya miki yadda aka yi aka gano shi, da hanyar da yake bi, da kuma ko akwai abin da ya haɗa shi da rufin ɗakinki.

Bari mu fara da shimfiɗa. Duniyarmu tana zagaya rana, kuma ba ita kaɗai ba ce, su takwas ne manya. Ki ɗauka kin ajiye turmi a tsakar gida, shi ne rana. Ki yi taku 10 daga turmin ki ajiye ƙwarya, ita ce duniyarmu. A wannan awon, Uɗaridu tana taku 4 daga turmi, Zahra, wadda muke yi wa kirari da matar wata, tana taku 7. Bayan tamu sai jar duniyar nan ta Mas a wajen taku 15. Daga nan fa sai fili fetal, ba ki ƙara cin karo da wata duniya sai kin kai taku 52, inda Mushtari take, wadda Turawa ke kira Jufita, babbar yayarsu duka. Taku 10 ɗin nan da kika yi, a zahiri tafiyar kilomita miliyan 150 ce.

Wannan fili da ke tsakanin Mas da Mushtari ya daɗe yana damun masana taurari na Turai. A ƙarni na 18 wasu Jamusawa biyu, Titius da Bode, suka lura cewa nisan duniyoyin nan yana bin wani jerin lissafi: 4, 7, 10, 16, 28, 52, 100. Kowace lamba da mai ita, ban da 28. Da aka gano duniyar Yuranus a 1781, aka ga ita ma ta faɗa daidai inda jerin ya nuna, sai kowa ya gaskata cewa lallai akwai wata duniya da ta ɓuya a taku 28. A shekarar 1800 wasu masana suka taru a wani ɗan gari mai suna Lilienthal kusa da Bremen a Jamus, suka shirya raba sararin sama kashi 24, kowane mutum da nasa yankin da zai tsare. Har laƙabi aka yi musu, wai 'yan sandan sama.

Sai dai wanda ya fara dacewa bai ma san an sa sunansa cikin masu neman ba, don takardar gayyatar ba ta riga ta iske shi ba. Wani malamin Kirista ne ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, a birnin Palermo na tsibirin Sisili. Daren 1 ga Janairun 1801 yana aikin rubuta wuraren taurari ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga wani ɗan ɗigon haske. Kashegari da ya koma sai ya tarar ɗigon ya gusa.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana miki abin da ya sa gusawar ta zama labari. Taurarin da kike gani, irin su kaza da 'ya'yanta, suna fitowa gabas su faɗa yamma, amma tsarin zamansu ba ya sauyawa. Yadda kakarki ta ga kaza da 'ya'yanta a dunƙule, haka jikarki za ta gan su. Ranaku ne irin tamu, nisa ne ya mayar da su ƙanana. Duk abin da aka ga yana ratsawa tsakaninsu, yau yana kusa da wannan, jibi ya koma kusa da wancan, to ɗan gida ne, yana cikin masu zagaya ranarmu. Da wannan alama kaɗai ake gane su, don a cikin madubin hangen nesa na wancan zamani, dutsen da tauraro duk ɗigo ne.

Piazzi ya bi ɗigonsa har zuwa 11 ga Fabrairu, kimanin kwana 40, sannan rashin lafiya ta kwantar da shi. Kafin labari ya kai ga sauran masana, abin ya matsa kusa da hasken rana, ba ya ganuwa. Ya sa masa suna Seres, amma an rasa inda za a neme shi idan ya fito ta ɗaya gefen.

Ki kwatanta da tsakar gidanki. Sararin da kike gani tsakanin katanga da katanga ɗan kaɗan ne. Shirwa ta gilma ta cikinsa, kin gan ta na ɗan lokaci, sai a ce ki faɗi bishiyar da za ta sauka a kai bayan la'asar. Irin wannan tambayar ce ta sha kan manyan masana a 1801. Wanda ya warware ta saurayi ne ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ɗan talakawa daga garin Braunschweig. Mahaifiyarsa ba ta yi karatu ba, ko ranar da ta haife shi ba ta rubuta ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne ranar Laraba ce, kwana takwas kafin wani idi na Kiristoci, shi ya zauna da kansa daga baya ya lissafo ranar. Ina son wannan labari, don matar nan ta tsaya wa karatun ɗanta alhali ita ba ta iya karanta abin da yake rubutawa, kuma a gidansa ta ƙare rayuwarta. Gauss ya fito da hanyar da idan an ba shi wurare uku da aka ga abu a sama, da lokacin da aka gan shi, zai iya zana dukan hanyarsa. Dalili kuwa, shirwa tana da ra'ayin kanta, dutse ba shi da shi. Jan da rana ke yi masa ne kaɗai ke tuƙa shi, kuma wannan jan yana da ƙa'idar da ba ta sauyawa. A watan Disamban 1801 aka duba inda Gauss ya nuna, sai ga Seres.

Cikin waɗanda suka sake ganin Seres har da mutumin da labarinmu yake kansa, Heinrich Olbers. Likita ne a birnin Bremen. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare ya hau saman benensa, wanda ya mayar ɗakin kallon taurari. A watan Maris na 1802, yana cikin bibiyar Seres, sai ya ci karo da wani ɗigon mai tafiya, aka sa masa suna Falas. Nan fa kai ya ɗaure. Duniya guda ake nema, ga biyu sun fito a fili ɗaya, kuma dukansu ƙanana. Sai Olbers ya kawo shawara: watakila dā akwai babbar duniya a wurin, ta fashe, waɗannan ɓaraguzanta ne. Ya ce in haka ne, to kamar tulu ne da ya faɗi, duk inda tsingaro ya watsu daga wuri ɗaya ya taso, saboda haka hanyoyinsu za su riƙa haɗuwa a inda fashewar ta auku. Ya lissafa wurare biyu a sama, ya ce a tsare nan. A 1804 wani masani, Karl Harding, ya ga na uku, Juno. Shi kuwa Olbers ya ci gaba da gadin wurarensa, wata bayan wata, shekara bayan shekara, har ya haddace taurarin wurin yadda uwargida ta san kwanukan ɗakinta, in an ƙara ɗaya ko an ɗauke ɗaya da kallo guda za ta gane.

Daren 29 ga Maris 1807, a burujin Sumbula, ya ga baƙon ɗigo. Shekara biyar ke nan yana jira. Don ki gane daɗewar abin, a nan ƙasar Hausa shekara uku ke nan da hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu. Olbers ya aika wa Gauss awon da ya yi, Gauss ya lissafo hanyar dutsen cikin awa 10, da alƙalami da takarda. Olbers ya ce tunda shi ya riga ya raɗa wa Falas suna, wannan Gauss ya raɗa. Gauss ya zaɓi Besta. A addinin Romawan dā, masu bautar gumaka, Besta ita ce suka ɗauka mai kula da murhu da zaman gida. Suna ne dai kawai ya bi dutse, kamar yadda sunayen watannin Bature irin su Janairu da Maris suka samo asali daga can.

Abin mamaki, shawarar da ta kai Olbers ga Besta ba daidai ba ce. Yau an san babu wata duniya da ta fashe. Da za a tattara duk duwatsun da ke filin nan a cure su wuri ɗaya, ba za su kai ko kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. Abin da ya faru, sama da shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce, lokacin da ƙura da duwatsu ke haɗuwa suna zama duniyoyi, ƙarfin jan Mushtari ya riƙa dama na wannan yankin. Maimakon su haɗu a hankali su manne, sai su yi karo da ƙarfi su farfashe. Kamar kina son cura fura ne wani yana ta girgiza miki ƙwarya. Besta yana cikin 'yan kaɗan da suka fara girma sannan aka tsayar da su a hanya. Bayan shi sai da aka shekara 38 ba a ga wani ba, har 1845 da wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Jamus ya gano na biyar. Yanzu waɗanda aka sani sun haura miliyan 1, kuma yankin nasu ana ce masa ɗamarar duwatsu, don ya kewaye rana kamar ɗamara a ƙugu. Kada ki ɗauka cunkoso ne irin na kasuwar Kurmi, kamar yadda ake nunawa a fina-finai. Tsakanin dutse da ɗan'uwansa akan sami tazarar kusan kilomita miliyan 1.

To yanzu ga hanyar Besta. A awonmu na tsakar gida yana kusan taku 24 daga turmi, watau kimanin kilomita miliyan 353 daga rana. Hanyar ba da'ira ce sak irin bakin faifai ba, ta ɗan miƙe kaɗan. In kina son ki nuna wa yara, kafa tsinke biyu a ƙasa kusa da juna, ki ƙulla zare ki zura musu shi da sako-sako, sannan ki sa tsinke na uku ki ja zaren ya miƙe, ki zagaya kina zane. Abin da zai fito shi ne siffar hanyar. Rana tana wurin ɗaya daga tsinkayen biyu, ba a tsakiya ba. Shi ya sa wani lokaci Besta yakan matso har kilomita miliyan 322 daga rana, wani lokaci ya ja baya zuwa wajen miliyan 385. In ya matso sai ya ƙara sauri, in ya yi nisa ya lafa. Wannan ƙa'ida wani Bajamushe ne, Kepler, ya gano ta tun 1609, kuma duniyarmu ma ita take bi. Hanyar tasa kuma ta ɗan karkace da digiri 7 daga shimfiɗar tamu, kamar faifai biyu da aka ɗora, ɗaya ya ɗan ɗaga gefe.

Yana gudun kusan kilomita 19 a kowace daƙiƙa, mu muna yin kusan 30. Ga shi ya fi mu jinkiri, ga hanyarsa ta fi tsawo, saboda haka zagaye ɗaya yana cin masa kwana 1,325, shekara uku da wata bakwai da 'yan kwanaki. Jaririn da aka haifa yau, sai an yaye shi, an yi masa ƙani, ya fara zuwa makarantar allo kafin Besta ya koma inda ya bar shi. Amma wajen juyawa a kan kansa ya fi mu gaggawa, dare da yininsa duka awa biyar ne da minti 20. Da a can kike, kafin ki gama tuwon rana magariba ta yi.

Girmansa kuwa, daga gefe zuwa gefe kimanin kilomita 525 ne, kusan tafiyar mota daga Kano zuwa Sakkwato. Seres kaɗai ya fi shi nauyi a cikin ɗamarar, shi kuma Seres tun 2006 aka sauya masa aji aka sa shi cikin wadannin duniyoyi. Saboda ƙanƙantarsa, jan ƙasar Besta kashi ɗaya ne cikin 40 na tamu. Buhun masara mai kwano 40, a can nauyin kwano guda za ki ji. Babu iska, babu ruwan sama, ga sanyin da babu irinsa a ko'ina cikin duniyarmu.

Shekara 200 Besta yana matsayin ɗigo, ko kuma hoto dishi-dishi. A watan Satumban 2007 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani kumbo mara matuƙi mai suna Dawn, ma'anarsa alfijir. Ya isa Besta a Yulin 2011, ya yi wata 14 yana zagaya shi yana aiko da hotuna, sannan a Satumban 2012 ya wuce zuwa Seres, inda mansa ya ƙare a 2018. Hotunan sun nuna dutse mai kama da dankalin Turawa, duk jikinsa ramuka. A ƙasansa ta kudu akwai wani rami mai faɗin kusan kilomita 500, watau kusan faɗin dutsen gaba ɗaya, a tsakiyarsa kuma ga tsauni mai tsawon kimanin kilomita 20, ya ninka Everest sau biyu. Wani dutse ne ya buge shi kimanin shekara biliyan 1 da ta wuce, saura ƙiris ya tarwatsa shi. Ramin sunansa Rheasilvia, kuma galibin ramukan Besta sunayen matan Roma ta dā aka sa musu. An daɗe ana cewa a cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe kamar na duniyarmu, amma wani nazari da aka fitar a 2025, da aka sake bin bayanan Dawn, ya nuna mai yiwuwa babu shi, ko kuwa ƙarami ne ƙwarai. Masana na nan suna ta muhawara a kai.

Yanzu mu dawo kan abin da ya fi damun uwargida: zai faɗo mana? Besta kansa, a'a. Ko a lokacin da ya fi kusa da mu, akwai tazarar kimanin kilomita miliyan 170 a tsakani, ta fi nisan da ke tsakaninmu da rana. Hanyarsa da tamu ba sa gamuwa, kuma fiye da shekara 200 ke nan ana auna shi yana nan a kan turbar da aka lissafa.

Amma 'ya'yansa suna zuwa, kuma sun daɗe suna zuwa. Karon nan da ya haƙa babban ramin ya watsa ɓaraguzai masu ɗimbin yawa cikin sarari. Kusa da hanyar Besta, a wajen taku 25, akwai wani wuri da duk dutsen da ya shiga zai riƙa zagaya rana sau uku daidai lokacin da Mushtari ta yi sau ɗaya. Ke nan kullum a wuri ɗaya suke haɗuwa, kullum Mushtari ta ɗan fizge shi ta gefe ɗaya. Kin san yadda ake tura yaro a lilo, turawa kaɗan-kaɗan amma a kan kari, har ya yi sama. Haka hanyar ɗan dutsen za ta yi ta miƙewa har ta ratso tamu. Mafi yawansu ƙanana ne, suna ƙonewa a iska tun kafin su iso ƙasa, wasu kuma guntayensu su tsira. Tun 1970 masana suka lura cewa launin hasken da Besta ke maidowa ya yi daidai da na wani jinsin duwatsun da ake tsinta bayan sun faɗo, kumbon Dawn kuma ya ƙarfafa hakan. Cikin kowane 100 da aka ga faɗowarsu, kimanin 6 daga Besta suke.

Ɗaya ya sauka a nan Afirka a gaban idon masana. Ranar 2 ga Yunin 2018 wata cibiyar gadin sama a jihar Arizona ta Amurka ta hango wani dutse da bai fi girman ƙaramar mota ba yana nufo duniya. Bayan kimanin awa takwas ya shigo iska a kan ƙasar Botswana, ya fashe a sama da haske mai ƙarfi, bai taɓa kowa ba. Bayan makonni uku aka fara tsintar guntayensa a dajin Kalahari, binciken da aka fitar a 2021 kuma ya nuna daga Besta ya ɓalle, kimanin shekara miliyan 23 da suka wuce. Mu ma nan an taɓa yi mana irin wannan baƙo, ko da yake shi ba ɗan Besta ba ne. A watan Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito.

Saboda haka in an turo miki labarin dutse zai faɗo, ki tambayi abu biyu: mene ne girmansa, kuma ta wane nisa zai wuce? Sau da yawa za ki tarar an ce zai gilma ta nisan kilomita miliyan kaza, alhali wata da kike gani kilomita 384,000 ne kawai tsakaninmu da shi. Manyan da ke ratso hanyarmu, masu faɗin kilomita guda ko fiye, an gano sama da kashi 90 cikin 100 nasu, kuma ana bin sawunsu da jikokin lissafin nan na Gauss.

Besta shi ne ya fi duk duwatsun ɗamarar haske, don fatarsa fara-fara ce, tana maido da hasken rana sosai. Kusan duk bayan wata 16 zuwa 17 duniyarmu takan cim masa ta shiga tsakaninsa da rana, a lokacin ne ya fi kusa, yakan fito da magariba ya kwana a sama. A shekarun da ya fi matsowa, kamar watan Yunin 2018 da watan Mayun 2025, mai kaifin ido yana iya ganinsa ba tare da na'ura ba, in dare ya yi duhu, babu farin wata, babu hazo. A nan matan karkara sun fi na birni sa'a, haka kuma daren da aka ɗauke wuta. Akwai manhajojin waya da in an ɗaga su sama suke nuna sunan kowane tauraro, ki sa yaro ya nemo miki shi, da harafin V ake rubuta farkon sunan. In an nuna miki wurin, ki zana taurarin da ke kewaye da shi a takarda, bayan kwana uku ko huɗu ki sake dubawa daga tsakar gidanki, ki ga wanne ne ya gusa.